Wane maikiroskop zan saya don duba bakin mashin dutse?

Tambaya: Salam malam, ni ɗaliba ce a sashen akiyoloji (binciken kayan mutanen dā), furojet ɗina akan kawunan mashi da kibiya na dutse ne, kuɗina kaɗan ne, in sayi ƙaramin maikiroskop ɗin nan da ake jonawa da laftof ko in nemi na hannu mai ido biyu?

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Nemi mai ido biyun, ko tsoho ne in dai gilashinsa garau yake. Na laftof zaki ga an rubuta 1000x (wato yana girmama abu sau 1000) a kwali amma hoton dishi-dishi, kuma baya nuna zurfi, alhali abinda kike nema shine yadda tsinin ya ɓalle lokacin da ya daki ƙashi, karayar ta bi tsawon dutsen ta tsaya kamar matakala, wannan daga 10x zuwa 60x kina ganinta sarai in kika karkato fitila ta gefe. Sheƙi da siraran layukan gogayya da amfani ke bari a jikin dutse kuwa sai babba mai 200x zuwa sama, kar ki saya, ki roƙa a sashen jiyoloji, masu nazarin duwatsu.

Toh amma canjin da ya rage shine mai muhimmanci wallahi, a gwaji zaki kashe shi. Ki fasa irin dutsen da kike nazari ki fitar da naki kawunan, ki ɗaure a gora da jijiya da ƙaro, ki sayi haƙarƙarin akuya wajen mahauci ki soka, wasu ki harba. Wasu kuma ki zube a ƙasa a turken shanu su tattaka, don takawa ma tana karya tsini har ya so yayi kama da na farauta.

Kinga duwatsun Kathu Pan 1 a Afirka ta Kudu, a 2012 Jayne Wilkins da abokan aikinta suka ce kawunan mashi ne na kusan shekara 500,000, sai da suka sassaƙa irinsu suka harba a gawar barewa suka kwatanta, duk da haka a 2014 Veerle Rots da Hugues Plisson suka ce karaya kaɗai bata isa hujja ba. Ni ina bayan wannan tsantsenin, kar ki kira dutse mashi saboda karaya ɗaya.

Wani kuma ya tambayi da me ake wankewa. Ruwan ɗumi da sabulu, da yatsa, banda burushi mai tauri, kowane dutse da ledarsa kar su gogi juna. In akwai ragowar danƙon da aka liƙa shi da shi a gindin kar ka wanke sam sai an duba.