Da gaske Bluetooth sunan wani sarki ne?

Tambaya: Malam, wani abokina ya ce mini Bluetooth ɗin da muke tura wa juna hoto da waƙa a waya sunan wani sarki ne na zamanin da. Gaskiya ne? In haka ne, wane ne shi?

Amsa: Abokinka ya yi gaskiya. Sarkin shi ne Harald ɗan Gorm, wanda ya mulki Denmak daga wajen 958 zuwa wajen 986, a zamanin mayaƙan tekun nan da ake kira Viking. Laƙabinsa Blåtand, wato mai shuɗin haƙori, da Turanci Bluetooth. Masana da yawa na ganin haƙori ne ya mutu a bakinsa ya yi duhu, sunan ya bi shi.

A garin Jelling har yau akwai ƙaton dutsen da ya sa aka sassaƙa domin tunawa da mahaifinsa Gorm da mahaifiyarsa Thyra. A jikin dutsen ya yi wa kansa kirari: shi ne ya mallaki Denmak dukanta da Norwe, ya kuma shigar da mutanen Denmak addinin Kirista. An ruwaito cewa wani limamin coci, Poppo, ya ɗauki ƙarfe mai jan wuta da hannu a gaban Harald bai ƙone ba, shi ya sa sarkin ya karɓi addinin. Ni dai ina ganin da siyasa a ciki, domin daular Jamus mai ƙarfi tana kudu da shi, kuma ko bayan hakan sai da sarkin Jamus, Otto na Biyu, ya ci shi da yaƙi a 974.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ganuwoyin da ya gina wajen 980. Zagayayyu ne cif, kowace da ƙofa huɗu, tituna biyu sun gitta juna a tsakiya. Wadda ke wani wuri da ake kira Aggersborg faɗin cikinta mita 240 ne. Ka ƙiyasta yawan talakawan da aka tara su haƙa ƙasa, su sari itace, kafin a tayar da irin wannan. Ba a jima ba ɗansa Sweyn ya yi masa tawaye. Harald ya ji rauni, ya tsallake tekun Baltik, can ya rasu. Sweyn ɗin ne ya ci Ingila a 1013.

A ƙarshen shekarun 1990 wani injiniyan kamfanin Intel, Jim Kardach, ya kawo shawarar sunan, da hujjar cewa fasahar za ta haɗa na'urori kamar yadda Harald ya haɗa ƙasarsa. Duba alamar a wayarka: haruffa biyu ne na tsohon rubutun Viking, H da B, wato farkon Harald da Blåtand, aka ɗora ɗaya kan ɗaya.