Amsa: Sayen kwangilar zaɓin saye a kan hannun jarin McDonald's kafin rahoton riba

Malam, ka ce hannun jarin kamfanin abinci na McDonald's ya yi arha, kana son sayen kwangilar zaɓin saye, wato wadda ke ba ka damar sayen hannun jari a ƙayyadadden farashi cikin wani wa'adi, kafin rahoton ribar wata uku ya fito. To, fara da lissafi. Kwangila ɗaya hannun jari 100 ce. A ce farashi dala 300, ka yanke farashin da za ka saya a 310, kowane hannu ka biya dala 4 kuɗin kwangila: ka fitar da 400 ke nan, kuma uwar kuɗinka ba za ta dawo ba sai farashi ya kai 314 ranar ƙarewar wa'adi. In ya tsaya a 312, hasashenka ya yi daidai, amma rabin kuɗin ya tafi.

Inda ake yawan ƙonewa shi ne, gab da rahoto kwangila tana tsada saboda ana jiran girgizar farashi; da ya fito sai tsadar ta zube, ko da farashi ya ɗan hau. McDonald's kuwa ba mai yawan tsalle ba ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na shagunansa wasu ke gudanarwa, shi haya da kaso yake karɓa. Cutar ƙwayar E. coli da aka alaƙanta da abincinsa a Oktoban 2024 ma kusan kashi 5 cikin ɗari ta zaftare daga farashin hannun jarin a rana guda.

Batun arha, raba farashi da ribar kowane hannu, ka gwada da na shekarun baya, ka duba cinikin tsofaffin shaguna. In ka nace, sayi kwangilar 310 ka sayar da ta 320 a wa'adi ɗaya. Kuɗin shiga zai ragu, amma riba ba za ta ƙaru ba in farashi ya wuce 320.