Amsa ga mai tambaya kan farautar barewa a dajin gwamnati a Fensilbaniya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama don kada in ba ka amsar tsaye. Ka ce bana ne karonka na farko, kwana huɗu kana sammako zuwa filin farauta na gwamnati a nan jihar Fensilbaniya ta Amurka, ko wutsiyar barewa ba ka gani ba, alhali a unguwarku kullum suna cinye furannin maƙwabta, motoci kuma na bankarsu a titi. Wasu dattawan mafarauta da ka tarar wurin ajiye motoci sun ce maka hukuma ce ta ƙarar da barewar daji saboda yawan raba lasisin harbin matan barewa. Shi ne kake tambaya ko gaskiya ne, ko kuwa ka haƙura da dajin gwamnati.

Kada ka haƙura. Wannan ce shekarata ta tara ina shiga waɗannan dazuzzuka, shekaru biyun farko kuwa hannu rabbana na riƙa dawowa gida. Barewa tana nan. Jihar nan kaɗai ana kama sama da 400,000 a shekara, kuma ba ta ƙare ba. Amma dattawan nan ba ƙarya suka yi maka ba, rabin magana suka faɗa, sauran rabin kuma yana ƙasan dajin da ka taka.

Wajen shekarar 1900 barewa ta kusa ɓacewa a jihar nan. An sare dazuzzuka don katako, ana harbinta ana kai naman kasuwa ba ƙaidi. A 1895 aka kafa hukumar kula da namun daji ta jiha, a 1906 ta fara sayo barewa daga Mishigan tana saki, a 1907 aka yi dokar da ta ce namiji mai ƙaho kaɗai za a harba, wato kishimi. Dajin da aka sare ya tofo da ɗanyen ganye daidai bakin barewa, kyarkeci da damisar dutse da ke cinta kuma an riga an gama da su. Cikin shekara 20 ta yi yawan da abinci ya kasa, ta soma mutuwa da yunwa lokacin dusar ƙanƙara. A 1928 hukuma ta rufe farautar maza ta buɗe ta mata kaɗai, mafarauta suka yi caa. Ka ga ke nan rigimar da ka ji a wurin ajiye motoci ta kusa shekara 100.

Duk wanda ya yi kiwon awaki a gida ya san lissafin. Bunsuru ɗaya ya ishi garke. Ka yanka bunsuru goma, in dai ka bar ɗaya, haihuwar baɗi ba ta ragu ba. Barewar nan mai farar wutsiya tana barbara a watan Nuwamba, ta ɗauki ciki kwana 200 ko kusa da haka, ta haihu ƙarshen Mayu zuwa Yuni, in ta ƙoshi kuwa tagwaye take yi. Saboda haka yawan garke a hannun mata yake. Wanda yake son ya rage shi dole ya taɓa su, wanda yake son ya ƙaru ya ɗaga musu ƙafa. Shi ya sa aka raba jihar yanki-yanki, kowane yanki da adadin lasisin mata da aka ware masa a shekara.

Ni ma da ina tare da masu ƙorafi, har sai ranar da wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi aikin gandun daji kafin ya yi ritaya, ya ɗauke ni zuwa arewacin jihar, yankin da ake kira 2G. Ya tsayar da ni gaban wani shingen waya mai tsawon ƙafa 8 da aka kewaye wani yanki na daji da shi bayan an sare itatuwa. Ya ce in leƙa ciki, sannan in waiwaya. Cikin shingen ƙananan itatuwa sun yi cinkus, sun fi tsayina, ko hannu ba ka iya zurawa. Waje kuwa, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, rana ɗaya, ba komai sai wata ciyawa mai ganye kamar gashin tsuntsu wadda barewa ba ta ci, ta shimfiɗu iya ganinka. Ya nuna mini manyan itatuwa, ya ce in lura daga ƙasa zuwa daidai kafaɗata babu ko reshe ɗaya mai ganye, kamar an bi da almakashi. Iyakar inda bakin barewa ke kaiwa ke nan. Nan take na tuna bakin garinmu da rani, inda awaki suka aske kowace ƙaya har iya miƙewarsu. Dajin da na ɗauka kyakkyawa ne saboda ana hango nesa, ashe daji ne da ba ya haihuwa. Tsofaffin itatuwa na nan tsaye, amma babu 'ya'yan da za su gaje su, tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa-ƙasa sun rasa mafaka, ita kanta barewar ta cinye abincin jikokinta.

Wannan ne ya sa a 1999 hukuma ta ɗora Gary Alt, masanin da ya yi suna a binciken beyar (babbar dabbar dajin nan da Turawa ke kira bear), kan sha'anin barewa. Ya zagaya jihar yana taro da mafarauta, wasu tarukan da zafi ƙwarai. A 2001 aka haɗa lokacin harbin maza da mata cikin mako biyu guda, a 2002 aka kawo dokar ƙaho: a yawancin jihar sai kishimi yana da tsini uku a ƙaho ɗaya kafin ya halatta, a wasu yankunan yamma kuma sharaɗin ya ɗan fi haka tsauri. Aka ƙara lasisin mata sosai. Garke ya ragu, musamman a manyan dazuzzukan arewa inda filin gwamnati ya fi yawa, shi kuma Alt ya bar aikin a ƙarshen 2004. Dattijon da ya saba ganin barewa garke-garke a ranar buɗe farauta tun yana yaro, yanzu ya wuni ya ga biyu, dole ransa ya sosu, kuma ina girmama wannan. Wurin da ya yi farauta da mahaifinsa ne. Sai dai abin da ya saba gani a da, shi ne ya haifar da abin da na gani a wajen shingen nan. A nawa ganin an yi daidai, ko da a ce a wasu wuraren hannu ya yi nauyi. Ribar dokar ƙaho kuwa kowa ya shaida ta: da yawancin mazan da ake kamawa 'yan shekara ɗaya da rabi ne, yanzu ana samun manya.

Batun unguwarku ba abin mamaki ba ne. Barewa dabbar gefen daji ce, tana son inda gona ko lambu ya haɗu da kurmi. A unguwa ga ciyawa mai taki, ga furanni, ga masara da waken soya a gonakin kusa, kuma doka ta hana harbi da bindiga cikin yadi 150 daga gidan mutane sai da izininsu. Ta samu abinci, ta samu aminci. Tsohon daji mai dogayen itatuwa kuwa inuwa ce kawai, abincinsa kaɗan ne in ba shekarar da itacen ok, wanda barewa ke cin 'ya'yansa, ya zubar da 'ya'ya da yawa ba.

Yanzu ga abin da nake zaton ya same ka. Filayen farauta na hukuma sun kai eka miliyan 1.5, dazuzzukan jiha eka miliyan 2.2, ga dajin tarayya na Alegeni mai sama da eka 500,000. Fili ba ya kaɗan, mutane ne ke taruwa wuri guda. Masu bincike na jami'ar Penn State sun bi sawun mafarauta a dajin Sproul, suka tarar mafi yawansu ba sa wuce rabin kilomita daga hanyar mota, kuma suna ƙin hawan tudu. Barewa ta san haka. Da harbin farko na safiyar ranar buɗe farautar bindiga, wato Asabar ɗin da ke bin bikin Godiya na Amurkawa a ƙarshen Nuwamba, sai ta shige sarƙaƙiya ko ta haye gangaren da ba mai son hawa, ta kwanta, ba ta fita sai dare. Idan kana iya jin ƙarar rufe ƙofar mota daga inda ka zauna, ba ka yi nisa ba.

Shekarar da na fara samu, tafiyar minti 50 na yi cikin duhu da tocila, na zauna a gefen wani wuri da aka sare shekaru kaɗan baya, iska na bugun fuskata. Ka riƙe wannan da kyau, domin hancinta ya fi idonta, in iska ta kwashi warinka ta kai mata, ka gama farautar ranar. Wajen ƙarfe 11, lokacin da sanyi da yunwa suka kori mutane zuwa motocinsu, tafiyarsu ta tayar da wasu mata uku suka biyo ta gabana. Tun daga ranar nake tafiya da abincina da shayi a fulas, ba na tashi da tsakar rana. Na kuma koyi cewa aikin Nuwamba a watan Maris ake yinsa. Da ƙanƙara ta narke, kafin ganye ya fito, hanyoyinsu a fili suke kamar turbar shanu, ga kashinsu irin na awaki, ga itatuwan da maza suka goge da ƙaho, wani lokaci har ka tsinci ƙahon da ya faɗi, don ita wannan, ba kamar barewarmu ta gida ba, kowace shekara namijin yana zubar da ƙaho ya tsiro sabo. Taswirar filayen tana shafin hukuma na intanet. Ka nemi inda aka yi sara kwanan nan, ka kula da itatuwan da aka shafa wa fenti shunayya, alama ce ta filin wani, ba a shiga.

In taron jama'a ne ya dame ka, lokacin farauta da kwari da baka yana farawa tun farkon Oktoba, daji shiru. Bayan Kirsimeti kuma akwai lokacin bindiga mai ƙyastu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, 'yar'uwar bindigar toka ta maharbanmu. Ranar da na fara riƙe ta sai da na tuna wan mahaifina.

Shi maharbi ne a ƙasar Bauchi. Ina yaro na ga farautar gayya da rani, ga karnuka, ga gora, a cinna wa daji wuta, duk abin da ya fito a buge, mai ciki da mai shayarwa. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya zaci daji na ƙarewa. Kafin ya rasu da bakinsa ya ce mini rabon da ya ga barewa a dajin garinmu har ya manta, sai zomo da gafiya, wanda ke son ganin manyan namun daji sai ya tafi Yankari. Shi ya sa ba na jin nauyin dokokin nan ko kaɗan. An hana farautar barewa da karnuka, an hana zuba mata abinci don a yaudare ta, an hana sayar da namanta. Kuɗin lasisinka, da harajin kashi 11 cikin 100 da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ɗora kan bindigogin farauta da harsashi, su ake kula da filayen da su. Idan Allah ya ba ka, ka ɗaura mata takardar shaida kafin ka ja ta, ka kai rahoto cikin kwana 10. Da yawa ba sa kaiwa, alhali da wannan rahoto ake lissafin lasisin baɗi. Ka sayi lasisin mace kuma, kada ka ji kunyar harbinta a inda aka ware. Tun 2023 ta intanet ko a shago ake saye, an daina aika ambulan ta gidan waya.

Ga sauran 'yan'uwa da ke karantawa suna sha'awa: sai ka yi kwas ɗin koyon farauta kafin a sayar maka da lasisin farko, kuma lokacin bindiga dole ka sa hula da riga masu ruwan lemo mai ƙyalli, inci murabba'i 250 a kai da ƙirji da baya. Wanda yake kan bizar zama na ɗan lokaci, kamar ɗalibi, ya yi hattara ƙwarai, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa, ciki har da lasisin farauta mai aiki. Ya bincika matsayinsa tukuna.

Ta fuskar addini, ina yin bisimilla lokacin da zan harba, in na iske ta da sauran rai in yanka ta nan take. Ka tafi da wuƙa mai kaifi. In za ka kai wa masu gyaran nama, ka gaya musu a fili kada su haɗa maka da kitsen alade, domin al'adarsu ce su zuba shi a niƙaƙƙen naman barewa saboda rashin maiƙonsa. Ni a gida nake feɗe tawa. Wannan rashin kitsen ne ya sa kilishinta ya yi fice, uwargida kuma tana dambun nama da kafaɗa.

Abu biyu na lafiya. Akwai cutar ƙanjamewar barewa da suke kira CWD, wadda aka fara gani a jihar nan a 2012. In ka yi farauta a yankunan da aka killace saboda ita, akwai ƙa'ida kan fitar da kai da ƙashin baya, akwai kuma akwatunan da ake ajiye kai a gwada kyauta. Ka jira sakamako kafin ka ci. Sai kaska, mai sa cutar Laim, wadda ta yi yawa a nan. Duk ranar da ka dawo daga daji ka duba jikinka sosai, har bayan gwiwa da hammata.

Ka rubuto mini lambar filin da ka je da yankin da lasisinka yake, in duba taswira in ga inda aka yi sara kusa da shi. In Allah ya kai mu Maris, ka zo da takalmin da ba ya shan ruwa mu taka shi tare wata Asabar, in kuma akwai irin shingen nan a kusa, mu biya ka gani da idonka.