Kotun Amurka ta sauke mini bashi: shin na kuɓuta, kuma ya halatta in karɓi katin bashi don gyara makin bashina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, sana'ata dakon kaya da babbar mota. Rashin lafiya ya kwantar da ni, motar ta lalace, bashi ya yi mini katutu: na katunan banki, na asibiti, da kuɗin wasu 'yan'uwa biyu na masallacinmu da suka ranta mini. Lauya ya shigar da ni ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki, ya ce dole in rubuta sunan duk mai bina, har da su 'yan'uwan nan. Kotu ta sauke mini bashin duka. Yanzu na warke na koma aiki, amma makin bashina, wato lambar da ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da ita, ya faɗi ƙasa warwas, ko hayar gida na nema sai a juya mini baya. An ce mafita ita ce in karɓi katin bashi irin wanda ake ajiye kuɗin jingina, ko in ci wani ƙaramin bashi da ake bayarwa don gina maki. Shin bashin da kotu ta sauke ya sauka a wurin Allah? Kuma waɗannan hanyoyin sun halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi, ya mayar maka da alheri. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, karayar arziki ba zunubi ba ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma malaman fiƙihu sun ware wa wannan hali babi guda, babin taflisi, saboda tun zamanin sahabbai ana samun mutanen kirki suna karyewa. Zuwa kotu ma ba laifi ba ne ga wanda da gaske ya gaza, matuƙar bai ɓoye dukiya ba, bai kuma rantse a kan ƙarya ba.

Mu fara da tambayar farko, domin ta fi nauyi, ko da yake na san ta biyun ce ke hana ka barci.

Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa wani mutum ya sayi 'ya'yan itatuwa a zamanin Manzon Allah (SAW), asara ta same shi, bashi ya yi masa yawa. Annabi ya ce a yi masa sadaka. Aka yi, ba ta kai ta biya ba. Sai ya ce wa masu binsa: ku ɗauki abin da kuka samu, ba ku da komai sai wannan. Wanda ya karanta hadisin a gurguje zai ce ai ga Babi na 7 nan tun a Madina. Amma Imamu Nawawi ya bayyana cewa ma'anarsa ba ku da komai a yanzu sai wannan, ba ya halatta ku matsa masa muddin yana cikin ƙunci, ku jira har ya samu. Wannan ne ya dace da aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin yalwa, yafewa kuma ta fi alheri. Ayar ta wajabta jira, ta kwaɗaitar da yafiya, kuma yafiyar a hannun mai kuɗi ta bar ta. A kan haka mazhabobi huɗu suke: alƙali ya raba abin da aka samu, a bar wa wanda ya karye abin ci da sutura, sauran bashin yana wuyansa har ya samu hali.

Hukuncin alƙali kuwa ba ya mayar da haƙƙin wani ya zama naka. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi da kansa ya ce wanda ya yanke masa hukunci da wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa, yanki ne na wuta ya yankar masa. In hukuncin Annabi bai halatta dukiyar wani ba, ina ga na wata kotun tarayya. Abin da takardar kotun ta yi maka shi ne ta ɗaure hannun masu binka: ba su da ikon kiranka a waya, ko kai ka ƙara, ko riƙe albashinka. Wannan rahama ce, ka amfana da ita ba tare da jin nauyi ba. Ita dokar Amurkar ma ba ta hana ka biya ba, sashe na 524 na dokar ya faɗi ƙarara cewa babu abin da ke hana mutum ya biya bashin da aka sauke masa in ya ga dama.

Sai dai basussukan naka ba ɗaya suke ba. 'Yan'uwan nan biyu, kuɗinsu yana nan cif. Sun ba ka ne don Allah da zumunci, ba su lissafa wata doka ba lokacin da suka miƙa maka. Na tabbata ranar da takardar kotu ta iso musu da sunansu a jerin masu bin bashi, ransu ya sosu, ko da ba su faɗa ba. Ka taka ka same su, ba ta waya ba, ka gaya musu doka ce ta tilasta ka rubuta su, kuma kana nan a kan alƙawari. Ku rubuta abin da za ka riƙa bayarwa duk wata komai ƙanƙantarsa, kamar yadda ayar bashi ta 282 ta yi umarni. In sun yafe da bakinsu, ka kuɓuta. Kuɗin asibiti ma yana wuyanka, ladan aiki ne da aka yi maka, ka ci moriyarsa.

Bashin banki ne ake da maganganu a kansa. Wasu malaman zamani suna ganin banki yana bayar da bashi ne alhali ya san dokar ƙasar, ya kuma saka asarar masu karyewa a cikin lissafinsa, don haka dokar ta zama kamar sharaɗi a yarjejeniyar, saukewar kotu ta zama yafiyar da aka amince da ita tun farko. Maganar tana da ƙarfi, ba na zargin wanda ya ɗauke ta. Amma abin da na fi natsuwa da shi shi ne uwar kuɗin da ka ci tana wuyanka idan Allah ya hore maka, kuɗin ruwa da tarar jinkiri kuma babu su, domin aya ta 279 ta ce kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunci ba a zalunce ku. Dalilina, Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi, kuma abin da ya kai wannan matsayi ba na so a sauke shi da zaton yarda. Yawan katunan banki, in ka zauna ka cire ruwan da ka riga ka biya shekara da shekaru, za ka tarar abin da ya rage na uwar kuɗi bai kai yadda takarda ta nuna ba. Idan ranar biya ta zo bankin ya ce ya rufe asusun ba shi da inda zai karɓa, ka fitar da adadin ka saka a wani aikin amfanin jama'a da niyyar sauke nauyi. Ba yau ake nemanka da wannan ba. Mai fama da kuɗin haya ba shi ne mai yalwa ba, hasali ma yana cikin masu bashin da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka. Gargaɗi ɗaya: kada ka sa hannu a wata sabuwar takardar da za ta farfaɗo da tsohon bashi da ruwansa ba tare da lauyanka ya gani ba.

Yanzu maganar maki. Wanda ke gida zai iya cewa to ka rabu da makin mana, wa ya aike ka. Bai san ƙasar ba. Kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, su ke ajiye tarihin bashin mutane, daga nan ake fitar da makin bashin da ake kira FICO, wanda ke tsakanin 300 da 850. Mai gidan haya yana dubawa, kamfanin inshorar mota a jihohi da dama yana dubawa, har kamfanonin Musulmi masu sayar da gida ta hanyar musharaka ko murabaha sai sun duba. Babi na 7 yana zama a rahotonka shekara 10, Babi na 13 kuma, wanda a ƙarƙashinsa ake tsara wa mutum biya sannu a hankali, bisa al'ada shekara 7. Saboda haka gyaran maki buƙata ce ta gaskiya a shari'a, amma ba ta kai larurar da ke halatta cin mushe ba. Wannan bambancin shi zai raba mana hanyoyin.

Bashin gina maki bai halatta ba. Tsarinsa shi ne a rubuta maka bashi, a kulle kuɗin a asusu, ka yi ta biya wata-wata da ruwa, a ƙarshe a ba ka. Ruwan a nan tabbas ne, ba ka da hanyar kauce masa, ka sayi maki da riba ke nan. In ka samu wata ƙungiya da ke yin irinsa ba ruwa, ko adashin da ake kai rahotonsa ga kamfanonin nan, wannan babu laifi. Amma ka guji takardun da za su fara cika maka akwatin wasiƙa na bashin mota mai tsadar ruwa. Ba ƙaunarka suke ba, sun san doka ba za ta sake sauke maka bashi ƙarƙashin Babi na 7 ba sai bayan shekara 8.

Katin jingina kuwa, nan ne saɓani yake. Kana ajiye misali dala 300, a ba ka kati mai iyakar dala 300. Kada ka ɗauka kuɗinka kake kashewa: ajiyar jingina ce, abin da ka saya bashi ne, kuma a takardar akwai sharaɗin ruwa in ka wuce wa'adi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Wannan shi ne asali, kuma shi nake bai wa wanda ke zaune inda rayuwa ke tafiya ba tare da maki ba. Wasu malaman, musamman mazauna Turai da Amurka, sun yi rangwame ga mai buƙata, suna kafa hujja da ƙissar Barira, inda Annabi ya bar Nana A'isha ta ƙulla cinikin da aka saka wa gurɓataccen sharaɗi, ya ce sharaɗin ɓatacce ne. An mayar musu da cewa a Madina akwai hukumar da ke rushe sharaɗin, a Amurka kuwa kotu tabbatar da shi za ta yi. Raddin daidai ne. Shi ya sa ni ba a kan Barira nake gina rangwamen ba, a kan buƙata nake gina shi, da kuma cewa faɗawa cikin ribar a hannunka take: in ka biya duka kafin wa'adi, a yawancin katunan ko sisin ruwa ba za a ɗora maka ba, dokar katunan bashi ta Amurka ta 2009 ma ta wajabta a ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitar takardar lissafi da ranar biya.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: ka fara da hanyoyin da babu shubuha. Ka karɓi rahotonka kyauta daga kamfanonin uku, ka tabbatar duk bashin da aka sauke an rubuta ba a binka komai a kansa, in da kuskure ka kai ƙorafi, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika. Ka nemi a riƙa kai rahoton kuɗin haya da na wuta da na waya da kake biya. In wannan bai wadatar ba, kuma da wuya ya wadatar, ya halatta ka karɓi kati ɗaya tak. Ka ɗora masa abu guda ƙarami da ka saba biya, kamar kuɗin waya, ka saita asusunka ya riƙa biyan duka da kansa, kada ka taɓa sayen abin da kuɗinsa ba sa hannunka a ranar, kada ka ciri tsabar kuɗi da shi domin wannan ruwansa daga ranar farko yake farawa. Kuɗin shekara tsayayye na hidimar kati ba riba ba ne, ita majalisar ma ta halatta shi. In ajiyarka ta haifi ruwa, ka fitar da shi ga mabuƙata.

Za ka ji masu cewa sai ka bar ɗan bashi yana kwana a katin maki zai hau. Ba gaskiya ba ne. Kashi 35 cikin 100 na makin FICO daga biya a kan lokaci yake, kashi 30 daga yawan abin da ake binka, kuma ƙarancin abin da ka ci daga iyakar katin shi ke taimakonka. Babu wani kaso da aka ware wa biyan ruwa.

Rangwamen nan yana da sharaɗin da kai kaɗai ka san gaskiyarsa. Kai ka ce rashin lafiya ne ya karya ka. In haka ne, bismillah. Amma in ka san a zuciyarka katunan nan sun fi ƙarfinka tun kafin ciwon, kana biyan mafi ƙarancin abin da aka nema kana tura sauran gaba, to hukuncinka ya koma na asali, katin haramun ne a gare ka, domin rangwamen an gina shi ne a kan rinjayen zaton ba za ka faɗa ba. A wannan hali ka nemi wani amintacce mai biyan katinsa duka kowane wata ya saka sunanka a matsayin wanda aka yarje wa amfani da katin, ya riƙe katin a wurinsa.

Masu tallar wanke rahoto kuma ka yi hattara da su. Wanda ya ce ka musanta bashin da ka san gaskiya ne, ƙarya yake sa ka. Wanda ya ce zai ba ka sabuwar lamba ka yi amfani da ita a madadin lambar shaidarka ta gwamnati, wato ta Social Security, zamba ce a shari'a, laifi ne a dokar ƙasar, kuma dokar tarayya ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aikin. In an tambaye ka a takardar haya ko ka taɓa shiga kotun karayar arziki, ka ce e, ka haɗa da takardun albashinka da shaidar tsohon mai gidanka, ko ka nemi wanda zai tsaya maka. Ranar da ka samu gidan kuma makin ya kai inda kake buƙata, buƙatar da ta halatta katin ta ragu, sai ka sake duba ko akwai sauran dalilin riƙe shi.

Wallahu a'alam.