Amsa: Yadda za ka tattara tarihin marigayiya gwaggonka

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba ku haƙuri. Ka ce ta rasu a Agege bayan shekaru masu yawa a Legas, kana so jikoki su san rayuwarta, ta ina za ka fara?

Ɗan'uwa, fara da Baba, tunda yayarsa ce, sannan tsofaffin ƙawayenta na unguwa. Kada ka jinkirta, su ma girma ya zo. Ka je da hantsi, ka ɗauki murya da waya a cikin ɗaki, nesa da janareta, don ƙararsa tana cinye maganar tsoho. Rabin awa ya isa a zama ɗaya.

Kada ka ce "ba ni tarihinta", za a ce maka mutuniyar kirki ce, shi ke nan. Tambayi wa ya yaye ta, a jirgin ƙasa ta zo ko a mota, wace sana'a ta riƙe, 'ya'yan wa ta goya. Shekaru kuwa tsofaffi ba sa riƙe su, sai ka auna da abin da ya faru: ta zo kafin a koma tuƙin hannun dama a 1972? Da fam aka biya sadakinta ko da naira, wadda ta fito a 1973? Tana nan lokacin da aka kashe Janar Murtala a 1976?

Hotuna kuma, damshin Legas kan manne su da ledar albam. Kada ka ɓamɓaro, fuskar za ta kwaile. Ɗauke su da waya a inuwa.

Ka kuma tambayi ƙawayen a asirce ko akwai bashi ko zubin adashi a kanta, a biya kafin a yi maganar gado.