Ga ƙanenmu mai sabon gida a Ohayo: shago yakan riga ƙasa shiri

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Na ga tambayarka tun jiya da dare, cewa wannan ne sanyinku na farko a gidan kanku a wajen Kolambus, a jihar Ohayo ta Amurka, ka leƙa shagon kayan gyaran gida na unguwarku ka tarar sun cika bakin ƙofa da buhunan taki, irin ciyawa, dashen tumatir da murhun gashi, kana son sanin me za ka saya, me za ka bari, ga kuma iyalinka tana son ɗan lambu. Na daɗe a garin nan, kuma kuɗin da na zubar a irin wannan shago a shekaru biyu na farko ya isa in yi magana.

Abu na farko, shago yakan riga ƙasa shiri da kusan wata biyu. Tun Maris suke baza kaya, amma ƙasar bayan gidanka ba ta san an yi haka ba. Masu fassara suna ce wa wannan lokaci bazara, sai mutum ya ɗauka bazararmu ce ta Zariya mai zafi da gumi. Ina! A nan rana za ta fito ka cire rigar sanyi, bayan kwana uku ka tashi da asuba ka ga raɓa ta daskare a kan mota. A tsakiyar Ohayo irin wannan sanyi yakan iya dawowa har farkon Mayu, shi ya sa tsofaffin garin ba sa dasa tumatir da barkono sai an wuce Lahadi ta biyu ta watan Mayu, ranar da suke bikin iyaye mata. Ni shekarata ta farko a tsakiyar Afrilu na shuka kuɓewa, don na ga ana sayar da irin. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba, a cikin ƙasa ta ruɓe. Kuɓewa tana son ƙasa ta yi ɗumi, wajen digiri 65 zuwa 70 a ma'aunin nan, wato 18 zuwa 21 a namu na gida, kuma hakan sai ƙarshen Mayu. Don haka abu mafi arha da zan ce ka fara saya shi ne ɗan ma'aunin zafin ƙasa, wanda ake cakawa kamar tsinken tsire.

Maganar ciyawar ƙofar gida kuwa, ka fara sa wa ranka haƙuri. Mu da muka tashi muna nome ciyawa, mun zo ƙasar da ake ba ta taki a shayar da ita, sannan a biya kuɗin mai a yanke ta. Amma dole ce. Garuruwa suna da dokar tsawon ciyawa, idan ka bar ta ta yi kai za a liƙa maka takarda a ƙofa, idan kuma unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje, tasu dokar takan fi ta gari tsanani. Ka nemi takardunsu ka karanta kafin ka haƙa ko rami ɗaya a gaban gida.

Buhu biyu za ka gani jere a shago, kuma ba sa shiri da juna. Ɗaya irin ciyawa ne. Ɗayan maganin hana wata ciyawa tsirowa ne, wadda suke kira kirabgiras, dangin harƙiyarmu ce, da ka gan ta za ka gane ta. Maganin nan ba ya kashe ciyawar da ta girma, ƙwayar da ke shirin tsirowa yake tarewa, kuma bai san ƙwayar harƙiya da ƙwayar da ka saya da kuɗinka ba. Ni na watsa su mako guda, na yi ta ban ruwa safe da yamma ina jiran kore, maƙwabcina tsoho yana kallona ta saman shinge bai ce uffan ba sai da wata ya cika, sannan ya tambaye ni wane buhu na fara zubawa. Ka zaɓi ɗaya. Idan maganin za ka sa, lokacinsa sa'ad da zafin ƙasa ya kusa digiri 55 a ma'aunin nan, galibi kafin tsakiyar Afrilu, daidai lokacin da za ka ga wasu ƙananan itatuwa sun yi fure rawaya fal a bakin hanya ba ganye. Idan kuma cike gurbin da ya yi sanƙo kake so, ciyawar nan ta ƙasashen sanyi ta fi kamawa daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Ka bari sai lokacin.

Takin ciyawa ma ka duba lambobi ukun da ke jikin buhu. Kai da ka saba da 15-15-15 ko 20-10-10 na gida, a nan za ka ga irin su 32-0-4, na tsakiyar sifili. Ganye kawai yake turawa, ba na lambu ba ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne wanda aka gauraya da maganin kashe ciyawa mai faɗin ganye. Tumatir, kuɓewa, yakuwa, duk masu faɗin ganye ne a wurin maganin nan. Kada ya kusanci lambu, kuma ciyawar da ka yanke daga inda aka zuba shi kada ka rufe gindin shuka da ita. Gaskiya ni yanzu sau ɗaya nake ba ciyawa taki, a Satumba. Ina yanke ta a kan inci uku ko sama da haka, ba na cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda, kuma ina barin yankakken a wurin ya koma taki. Ba ta fi ta kowa kyau ba a layinmu, ba a kuma taɓa liƙa mini takarda ba.

Injin yanka: idan filin ƙarami ne ka ɗauki mai batir ka huta. Mai fetur yana da ƙarfi, sai dai man nan da ake gauraya wa etanol idan ya kwana wata biyar a tanki yakan toshe kafireto, ka zo a Afrilu kana ta jan igiya kamar mai tayar da janareto a Sabon Gari. Ƙananan shagunan unguwa da yawa suna wasa wuƙar injin, kuma a nan suka fi manyan kantuna irin Home Depot da Lowe's amfani. Shagunan Ace, alal misali, galibinsu mallakar mutanen gari ne. Za ka iya shiga da tsohon noti a hannu a nemo maka ɗan'uwansa guda ɗaya tak, ba sai ka sayi kwali ba.

Yanzu lambun, wanda a ganina nan ya kamata kuɗin ya tafi. Kafin ka sa shebur a ƙasa ka kira 811. Kyauta ne, za su zo su yi alama da fenti da 'yan tutoci inda bututun gas, wayar lantarki da ta intanet suka bi, kuma a Ohayo ana so ka ba su aƙalla kwana biyu na aiki. Sannan ka duba shekarar da aka gina gidan. Idan kafin 1978 ne, akwai yiwuwar an taɓa shafa masa fenti mai dalma, kuma ɓarɓashinsa yana zama a ƙasar gindin bango. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ofishin malaman gona na Jami'ar Jihar Ohayo yana da reshe a kowace gunduma, za su nuna maka inda za ka aika ƙasa a gwada. Gwajin zai kuma hana ka sayen farar ƙasa a banza, don ƙasar wannan yanki laka ce da ke kwance kan dutsen farar ƙasa, sau da yawa ba ta da tsamin da za a gyara.

Lakar nan ce ta sa na koma fangalin katako. Ƙafa huɗu faɗi, takwas tsawo, zurfin inci goma. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba. Irin wannan fangali yana cin kusan yadi ɗaya na ƙasa, wato ƙafa 27 a awon kubik, kuma idan buhu-buhu za ka saya za ka yi jigilar kusan ashirin. Idan biyu za ka gina, ka sa a kawo maka a mota a juye, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kuma lura buhunan ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Mai arhar nan mai nauyi ta cike rami ce, idan ka zuba ta a tukunya takan daskare kamar bulo. Ta tukunya marar nauyi ce, ba ƙasa ba ce ma ta sosai. Ga fangali ka gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki.

Abin da iyalinka za ta shuka, ga yadda muka gani a gidanmu. Alayyafo da rama ba su da matsala ko kaɗan, ka watsa a ƙarshen Mayu ka yi ta yanka har Oktoba. Kuɓewa tana yi, irin da ake kira Clemson Spineless yakan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, kuma ana samunsa a rumfar iri ta kusan kowane shago. Yauƙinta bai kai ta gida ba, uwargida ta ce in faɗa maka wannan, amma idan aka tsinke ta tana ƙarama aka goga, miya takan yi. Attaruhu da gauta suna son dogon lokaci, sai an rene su a ɗaki mako takwas zuwa goma kafin dashe, a ƙarƙashin fitila, don hasken taga ba ya isa, sai su yi tsawo siriri su faɗi. Idan ka makara bana, sayi dashen habanero, shi ne ɗan'uwan attaruhunmu. Yakuwa ce mai ban haushi. Ganye kam za ku sha har ku raba wa maƙwabta, amma ba ta fure sai yini ya fara gajarta, kuma sanyin tsakiyar Oktoba yakan riske ta kafin zoɓorodon ya cika. Wani iri da ake kira Thai Red ya fi saurin yi, shi nake renowa tun Afrilu a ɗaki, wata shekara in samu na jiƙo biyu-uku, wata shekara in tashi a tutar babu. Zogale sai a babbar tukunya, a shigo da shi kafin sanyi. Kuma don Allah kada a sa wani ya cuso iri a cikin kaya daga gida ba tare da an bayyana a filin jirgi ba, ana ƙwacewa, ana kuma cin tara.

Ka sayi wayar kaji tun ranar da ka sayi katako. Zomaye a nan ba sa tsoron kowa, a dare ɗaya suka share mana layin wake. Ƙafa biyu tsawo ta ishe su, ka ɗan binne gindinta. Barewa kuwa sai shinge mai ƙafa takwas, idan unguwarku tana da su sai dai in ce Allah ya ba da haƙuri. Sauran kayan aiki ba su da yawa: shebur, manjagara, mesa mai kauri wadda ba ta lanƙwashewa, safar hannu. Fartanyarsu mai dogon ƙota ce, a tsaye ake noma da ita, da farko za ka raina ta, bayanka ne zai gode maka daga baya.

Ɓangaren kicin ba zan ja shi ba. Kaskon baƙin ƙarfe na Lodge, wanda ake yi a Tenesi, ya cancanci kuɗinsa, jikokinka ma za su soya ƙosai a ciki. Idan kun ci karo da wani kasko mai ramuka bakwai na wainar 'yan Denmak, ku ɗauka, tandar masa ce sak. Kwalaben adana abinci da suke jerawa kuwa, a yi hattara. Markaɗen tumatir da tattasai da albasa irin namu ba ya adanuwa lafiya da tafasa kwalba a ruwa kawai, saboda tsaminsa bai kai ba, ƙwayar cutar da ke sa guba mai shanye jiki tana iya rayuwa a ciki ba wari ba alama. Sai da tukunyar matsin tururi ta musamman. Mu mun zaɓi firiza mai murfi a sama, muka ajiye a ɗakin ƙasa, a ƙulla markaɗe a leda a jera. Ita da ɗan injin busar da abinci, wanda muke busar da kuɓewa da barkono, har kilishi yana yi.

Murhun gashi ka ɗauki zagayayyen nan na gawayi mai murfi, mai inci 22, ya ishi balangun gida, ka nemi gawayin itace na ainihi maimakon dunƙulallen da aka jiƙa da mai, wanda warinsa ke kama nama. Kada ka taɓa kunna shi a gareji ko da ƙofa a buɗe take, hayaƙin gawayi ba ya sallama. Idan kuna girkin taro, na suna ko na Sallah, akwai murhun gas na waje mai ƙafafu wanda suke soya talotalo a kai, yana ɗaukar babbar tukunya. Tulun gas ɗin kuma ka nemi inda ake durawa. Na musaya da ke cikin keji a bakin shaguna galibi fam 15 ake zuba musu, alhali tulun na fam 20 ne.

Ina da ragowar irin rama da alayyafo na bara a kwalba, sun fi ƙarfin fangalina. Idan za ka zo masallaci ranar Juma'a ka yi mini magana ta akwatin sirri in taho maka da su, in kuma kana so ka biyo ni gida ka ga yadda na haɗa kusurwar katakon, don na farko da na yi da ƙusa ya buɗe tun damina ba ta yi nisa ba, sai da na sake da sukurori. A gaida iyali.