Marubuci ya rasu, waye ke da ikon ci gaba da labarinsa?

Tambaya: Barista barka da aiki. Ni dai hankalina ya tashi. Na sayi sabon littafin Spenser, ɗan binciken nan mai zaman kansa na Boston, sunan Robert B. Parker ne ɓaro-ɓaro a bango, sai daga baya na gane ashe mutumin ya rasu tuni, wani ne daban ya rubuta. Ba damfara ba ce wannan? Kuma in halas ne, akwai wata marubuciya da nake bi a WhatsApp, Allah ya mata rasuwa ba ta ƙarasa labarin ɗan bincikenta ba, ni har na rubuta babi biyar na ci gaba, na ma fara turawa a guruf. Laifi ne?

Amsa: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ta fannin Spenser ba a damfare ki ba. Parker ya rasu a watan Janairun 2010, iyalinsa da kamfanin da ke buga masa littafi suka zauna suka zaɓi wani marubuci, Ace Atkins, ya ci gaba da labarin, nasa na farko ya fito 2012, ya yi guda goma, daga 2023 kuma Mike Lupica ya karɓa. Ki sake duba bangon, sunan wanda ya rubuta na nan a ƙasa, sai dai ƙarami, don sunan marigayin ne ke sayar da kaya. Wayo ne na kasuwa, ni kaina ba ya burge ni, amma da izini aka yi kuma magada na cin kuɗinsu. Shi Parker ɗin ma ai haka ya yi, marubuci Raymond Chandler ya mutu 1959 ya bar babi huɗu na labarin ɗan bincikensa Philip Marlowe, masu kula da gadonsa suka ba Parker ya ƙarasa a 1989.

Toh yanzu mu zo kan babi biyar ɗinki, don nan ne matsalar take, kuma wallahi na gaji da jin wannan maganar: wai "ai ta rasu, labarin ya zama na kowa". Wa ya faɗa? Kusan kullum sai wani ya shigo min da ita, wasu har da ƙarin cewa sadaka suke wa mamaci, wasu su ce ai sun rubuta sunanta a sama sun sa "Allah ya jiƙanta" saboda haka shikenan sun fita, wasu kuma lauyoyin guruf ne da ba su taɓa buɗe dokar ba suke yanke musu hukunci cewa tunda ba ta yi rajista ba babu haƙƙi. Duk shirme ne. Haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista, da zarar ta rubuta abin ya zama nata, ko a waya ta buga. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Saba'in fa, ba kwana arba'in ba. A tsawon wannan lokacin abin gado ne kamar gonar da ta bari, 'ya'yanta da mijinta da iyayenta su ke da ta cewa, ke da kike son labarin ba ki cikin magada komai yawan kukan da kika yi da ya tsaya.

Kuma kar ki ce min kyauta kike turawa. Yau kyauta ne, gobe masu karatu sun yi yawa sai a buɗe guruf na kuɗi, jibi wani ya kwashe ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗin talla, marayunta ko sisi ba su gani ba. Rashin karɓar kuɗi ba ya mayar da kayan wani naki.

Magada ma suna da ikon cewa a'a gaba ɗaya. Sue Grafton ta jera littattafan 'yar bincikenta bisa haruffa tun daga A, ta kai Y ta rasu a Disambar 2017, saura ɗaya tal, iyalinta suka ce ba wanda zai rubuta Z, kuma haka aka bari. Shi kuwa ɗan binciken nan Sherlock Holmes da kike ganin kowa na taɓawa, marubucinsa ya mutu tun 1930, kuma sai a 2023 labaransa na ƙarshe suka fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Amurka.

Abin da doka ba ta hana ki ba shi ne salon. Ɗan bincike mai taurin kai da ofis ɗin haya da bashi a wuya ba mallakin kowa ba ne, ki ƙirƙiri naki da sunansa da garinsa. Amma sunan jaruminta da mutanen gidansa da zaren da ta bari a rataye, waɗannan sai da izini.

Don haka ki dakatar da turawa yau, ki goge abin da kika saka, ki nemi iyalinta ki yi musu ta'aziyya tukuna kafin ki kawo maganar. In sun yarda a rubuta a takarda, ba saƙon murya ba: wa ke da ikon amincewa, kaso nawa za su samu, sunan wa zai hau sama, kuma ko suna da ikon karantawa kafin ki saki. Magadan duka su sani, kar ki tsaya kan ƙanwarta guda da kuke hira da ita a Facebook, don ita kaɗai ba za ta iya ba da abin da ba nata ita ɗaya ba.